Birnin da Aka Hana Tsami

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya watsa mutane a bayanta, ya ba kowace al'umma abincinta da harshenta da halinta. Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku, ya ku ma'abota sauraro. Ni ne Tanimu ɗan Gajere, wanda ƙafa ta kai shi inda labari bai kai ba. Tun ina saurayi na bar gida neman ilimi guda, wato sanin guba da makarinta. Na zauna da masu kama macizai, na yi wa masu tonon saiwa hidima, har harshena ya goge, ya zamana in na ɗanɗana abu sai in faɗi irin ƙasar da ya tsiro a cikinta. A cikin wannan yawo ne Allah ya kai ni Farin Gari, kuma ban taɓa shiga birnin da na ji tsoron ƙwaryar abinci kamarsa ba.

Kafin a kai Farin Gari sai an ƙetare Tafkin Madubi, ruwan da ba ya motsi ko da iska na kaɗawa, wanda in ka leƙa shi ƙeyarka za ka gani maimakon fuskarka. Ba a tuƙa jirgi a cikinsa. Dorina biyu ke jan kwalekwale, an ɗaura musu linzamin igiyar rama. Mai fiton wani tsoho ne mai ido ɗaya. Muna tsakiyar ruwa ya ciro busasshiyar gumba daga jakarsa yana gurgura.

Na ce, "Baba, ga birni can ana yabon tuwonsa har ƙasashe, kai kuma kana fama da wannan?"

Ya ce, "Haƙorana sun saba."

Na ce, "Ka taɓa cin nasu kuwa?"

Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya ce, "Ni fito nake yi, ɗan nan. Ba na ci, ba na gani, ba na faɗa."

Da muka isa gaɓa bai ko taka ƙasa ba, ya juya kwalekwalensa ya koma. Tun daga nan na fara sa ido.

A ƙofar birni dogarai suka tare ni. Ba makami suke nema ba, shinshina kayana suka shiga yi ɗaya bayan ɗaya. Suka ƙwace tsamiyata da lemun tsamin da ke jakata. Akwai gorar madara da na karɓa wurin makiyaya a can ƙetare, ta yi tsami a hanya, suka tuttular da ita a ƙasa suka miƙo mini gorar.

Na ce da babbansu, "Malam, laifin me tsamiya ta yi?"

Ya ce, "Doka ce. A birnin nan akwai ciwon da muke kira sandara, gaɓoɓin mutum su ƙage har ya kasa motsi. Muguwar iska ce ke kawo shi daga fadamar gabas, tsami kuwa shi ke buɗe mata jiki. Ba tsamiya, ba yakuwa, ba nono. Madara ma in rana ta take ba a shanye ba, zubarwa ake yi. Kai mene ne sana'arka?"

Da na faɗa masa, sai na ga ya ƙyafta wa na kusa da shi ido, wancan ya ruga cikin gari. Ni kuma aka ce in wuce.

Birni ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Tituna a share, gidaje farare fes. Amma tafiyar mutanensa ta dame ni. Samari ma jan ƙafa suke kamar gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa, na ga yarinya ta yar da faifai ta daɗe tana ƙoƙarin sunkuyawa ta ɗauka. A tsakiyar kasuwa akwai wani gini mai suna Gidan Awo, an jera mudun tagulla a bakinsa suna ƙyalli. Na tarar an kwantar da wani mai sayar da gari ana zane shi da bulala, jama'a na kallo. Na tambayi mai awon laifinsa, ya nuna mini mudun mutumin, gefensa ya ɗan loɓa kaɗan.

Ya ce da alfahari, "A Farin Gari ba a cutar mai saye. Mudu sai ya cika ya batse."

Na ce, "Madalla. To abin da ake zubawa a cikin mudun fa, wa ke duba shi?"

Fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Wannan aikin Sarkin Ɗanɗano ne, kuma ba mu da shi yanzu."

Ban kai ga wata tambaya ba na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne kakkaura cikin babbar riga, yana murmushi. Wannan shi ne Galadima Sallau, mai manyan duwatsun niƙan birnin, waɗanda ruwan kwazazzabo ke juyawa. Duk garin da ake tuƙawa a Farin Gari daga wurinsa yake fitowa. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda ya tsallake kwatar kasuwa da sauƙi kamar ɗan akuya, alhali ya haifi yawancin masu jan ƙafar nan.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Tanimu. Allah ne ya kawo mana kai. Kujerar Sarkin Ɗanɗano ta daɗe ba kowa, ga kuma marasa aikin yi sun fara gunaguni a kan garinmu. Ranar kasuwa mai zuwa za ka ɗanɗana shi a gaban jama'a, ka gaya musu tsarkinsa. Bakin baƙo masani ya fi namu shiga kunne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in kuma na ɗanɗana na ji wani abu fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Me za ka ji in ba daɗi ba?"

Ya sa aka kai ni gidan da ake sauke mai wannan kujera. Wata dattijuwa ce a ciki, ana kiranta Tabawa. Ta amsa sallamata ba tare da ta dube ni ba, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwo. Ban taɓa ganin tuwo irinsa ba, fari kamar auduga, ya kumbura yana sheƙi. Ta koma bakin ƙofa ta zauna tana satar kallona. Na ce a raina, wannan 'yar leƙen asirin Galadima ce.

Na gutsuri kaɗan na ɗora a harshe. Dawa ce, babu shakka, amma a ƙarƙashin dawar akwai wani sanyi-sanyi mai kama haƙori, abin da bai tsiro daga ƙasa ba. Na ƙi haɗiyewa. Don kada ta gane, sai na ce zan dama shi in sha kamar yadda matafiya ke yi. Na jefa loma a gorata, wadda har yanzu akwai ragowar madarar nan mai tsami a gindinta. Ban kai ga zuba ruwa ba na ji gorar na huci. Wata irin kumfa shuɗiya ta taso ta malalo a hannuna.

Tabawa ta miƙe da saurin da ban zaci tana da shi ba, ta ja ƙofa ta rufe.

Ta ce cikin raɗa, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Inna, ni ya kamata in tambaye ki wa ya sa ki ba ni wannan."

Muka tsaya muna kallon juna. Can ta zauna dirshan, ta ce, "Na ɗauka ɗan leƙen asiri aka kawo mini. In na ba ka wani abu daban, ai za ka gane ba na cin nasu." Ta jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gado, dafaffiyar dawa ce tsaba. Ta ce, "Wannan nake ci, ita ma a ɓoye nake samu. Tun shekarun baya aka kwashe turame da duwatsun niƙa na gidaje, wai don tsabta. Hatsi duk sai ya bi ta wurin Galadima."

Ta ba ni labarin mijinta Jatau, wanda ya riga ni zama Sarkin Ɗanɗano. Shi ma ya ga kumfar nan, ya bi diddigi har ya gano ana haƙo wani farin dutse a kogon bayan gari, a niƙa shi tare da dawa don gari ya yi fari ya yi auki. Ya je ya gaya wa Galadima, yana zaton barorinsa ne ke yi ba da saninsa ba. Galadima ya gode masa, ya ce daga ranar shi zai riƙa ciyar da shi don girmamawa, kuma bawa zai tsaya har sai ya cinye. Ba a daɗe ba aka kafa dokar tsami.

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Bai mutu ba. Tashi in kai ka ka gan shi."

Ta kai ni wani dogon gini a gefen birni da suke kira Gidan Natsuwa. An yi masa ado da zane-zane, ga turare na tashi, ga masu fifita. A ciki mutane ne a jere kan gadajen kara, maza da mata da yara, jikinsu ya yi fari ya sandare kamar an sassaƙa su. Idanu kawai ke motsi. Duk inda na taka idanun nan suna bina. Tabawa ta durƙusa gaban wani dogon mutum, ta ɗiga masa ruwa a baki da ludayi, ta ce, "Malam, ga wanda aka kawo a madadinka." Jatau ya kafe ni da ido. Na yi yawo da yawa, na ga mutuwa iri-iri, amma wannan kallon sai da ya sa na sunkuyar da kai.

Na tambayi mai kula da gidan irin maganin da ake ba su. Ya ce ba a ba su magani, tunda ciwon iska ne, amma Magajiya ta ba da umarni a sake wa ginin fenti kafin zaɓe.

A Farin Gari ba a gadon sarauta. Bayan 'yan damuna sai a jera tukwane, kowane baligi ya jefa ƙwallon dabino a tukunyar wanda yake so, wanda tasa ta fi cika shi ke mulki. A lokacin wata mace ce ke kai, Magajiya Kyallu. Na nemi iso wurinta, ina zaton za a hana ni, sai ga shi an ce in zo. Wannan saurin ma bai kwanta mini ba.

Ba a fada na same ta ba. Tana can saman wata ƙatuwar katanga da ake ginawa a gabashin birni, wadda tsawonta ya kai tsuntsu ya huta kafin ya ƙetare. Sunanta Katangar Iska, an ce in an gama ta za ta tare iskar da ke kawo sandara. Magina na hawa da sauka da ƙyar, rabinsu na jan ƙafa. Magajiya doguwa ce mai kaifin ido, hannunta na hagu na naɗe cikin mayafi. Ta kori fadawanta, muka rage mu biyu.

Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranki ya daɗe, ba iska ke sandarar da mutanenki ba. Garin tuwo ne."

Na zuba ido in ga ta firgita. Ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Ci gaba."

Na gaya mata komai, dutsen da kogon da kumfar. Ta bari na gama, sannan ta nuna mini birnin da haɓarta.

Ta ce, "Baƙo, daga kowane tsakar gida ana hango katangar nan. Uwa in ta fito da safe ta gan ta ta ƙara tsawo, sai ta ce Magajiya na aiki. Ciwon da aka hana shi zuwa kuwa, wa ke ganinsa? Wa ya taɓa jefa ƙwallo a tukunya saboda ɗansa bai kwanta ba?"

Na ce, "Ashe kin sani."

Ta ce, "Na yi zato. Ban nemi tabbaci ba. Masu niƙa, masu dako, masu haƙa, maginan nan da ke cin abincinsa, duk inda Galadima ya nuna nan suke jefa ƙwallonsu. In na taɓa shi yau, ɗan ƙanwarsa zai tsayar takara, kuma zai ci. To wa zai rufe kogon, shi? Ka faɗi abin da aka ce ka faɗa ranar kasuwa. In na ci zaɓe, da hannuna zan toshe kogon."

Na ce, "Yaushe ne zaɓen?"

Ta ce, "Bayan girbi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, yanzu aka yi shuka. Na ga yara a Gidan Natsuwa waɗanda ko haƙoran manya ba su gama fitarwa ba. Kafin girbi wasu nawa za a ƙara?"

Ta daka mini tsawa, "Kada ka lissafa mini su!"

Garin tsawar mayafin ya zame. Yatsunta na hagu sun yi fari, sun ƙage kamar ƙahon rago. Ta yi maza ta rufe.

Ta ce a hankali, "Abin da talakawana ke ci shi nake ci. Tafi. In ka saɓa, Galadima zai ce kai ka shigo da guba, ni kuma ba zan buɗe baki ba."

Na sauko ina ta saƙe-saƙe. Shin mace ce da aka ɗaure tana neman mafita, ko kuwa ta bar mayafin ya zame ne da gangan don in tausaya mata? Haka aka yi wa Jatau alkawari shi ma? Abin da na sani shi ne in na ce garin na da tsarki na ci amanar ilimin da na bar gida dominsa, in na ce guba ne kuma bakin baƙo ɗaya ba zai rinjayi Galadima ba. Sai dai idanun jama'a su gani da kansu.

Na roƙi Tabawa ta sayo mini madara sabuwar tatsa. Ta dube ni da alamar tambaya, amma ta sayo. Na ɗura a gora na cusa cikin jinkar ɗaki inda zafi ke taruwa, na bar ta har ranar kasuwa.

Ranar kuwa birni ya cika ya tumbatsa. An kafa rumfa a gaban Gidan Awo, Magajiya na zaune a tsakiya, Galadima na damanta. Aka ajiye mini ƙatuwar ƙwarya cike da farin gari. Sanƙira ya yi shela cewa masani daga nesa zai tabbatar da tsarkin abincin Farin Gari.

Na ɗaga gorata na ce, "A ƙasarmu mai ɗanɗano sai ya kurkure baki da madara kafin ya fara."

Wani dogari ya matso zai shinshina, na tsiyaya kaɗan a tafin hannuna daga nesa, ya ga fara ce, ya ja da baya. Na kai gorar baki kamar zan sha, sai na juye rabinta cikin ƙwaryar.

Garin ya yi huci kamar kububuwa. Shuɗiyar kumfa ta taso ta cika ƙwarya, ta malalo kan tabarma har bakin takalmin Galadima. Mata suka sa salati, na gaba suka ja da baya.

Galadima ya miƙe yana ihu, "Guba! Ya zuba guba! Ku kama shi!"

Na kafa gorar a baki na sha daga ragowar a gabansu. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, madarar da kuka sani ce, kwana kawai ta yi!" Kafin dogarai su iso na tsallaka inda aka ɗaure dawakan fada, na ɗebo tsabar dawa daga buhun abincinsu, na murƙushe ta tsakanin duwatsu biyu, na ɗiga mata abin da ya rage a gindin gora. Ta jiƙe kawai, ba huci ba kumfa.

Na ce, "Ga dawar da ba ta bi ta wurin niƙa ba. Iskar da kuke shaƙa ita dawakan nan ke shaƙa, kun taɓa ganin doki ya sandare? Kada ku yarda da ni, ni baƙo ne. Kowa ya koma gida ya ajiye madara ta kwana, ya zuba a garinsa ya gani."

Dogarai suka riƙe ni, amma ba su san inda za su kai ni ba, domin kasuwa ta yi tsit, kowa Magajiya yake kallo. Ita kuwa fuskokin jama'a take bi da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai auna hatsi. Sai ta miƙe, ta warware mayafin, ta ɗaga ƙagaggen hannunta sama kowa ya gani.

Ta ce, "Ku sake shi. Ni na sa aka kawo wannan masani a asirce, domin na daɗe ina zargin abin da ake ciyar da ni da ku. Ku kama Sallau. A toshe kogon yau, a mayar wa mata turamensu, a buɗe Gidan Natsuwa kowa ya ɗauki nasa. Dokar tsami ta faɗi."

Kasuwa ta ɓarke da guɗa da kabbara. Waɗanda ɗazu suke fadanci a bayan Galadima su suka fara cire masa rawani. Ni dai na tsaya baki buɗe. Ban taɓa jin an yi ƙarya da gaskiya cikin numfashi ɗaya haka ba.

Da azahar ta kira ni zauren fada. Ta sa aka yafa mini alkyabba, ta yaba mini a gaban fadawa. Da suka ja baya ta matso ta ce a hankali, "Kai kaɗai ka ji abin da na faɗa a kan katanga."

Na ce, "Ranki ya daɗe, iska ta yi yawa a can, ban ji komai sosai ba."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ta ce, "Mutanen Sallau na nemanka. Ga dogaraina za su raka ka ta hanyar dutse, ta fi tafki aminci."

Na dubi dogaran. An ce hanyar dutse doguwa ce, amma ban ga salkar ruwa ko jakar guzuri a jikin ko ɗayansu ba. Na bayansu kuwa na saɓe da fartanya. Na yi godiya, na roƙi a bar ni in ɗauko jakata.

Suka tsaya a ƙofar gidan Tabawa, na shiga. Na tarar ta riga ta ɗauko Jatau a amalanken jaki, ta ajiye a lungun bayan gida, tana haɗa kaya za ta ƙetare da shi wurin makiyaya, ko Allah zai sa nono ya sassauta masa. Na gaya mata abin da na gani. Ta tuɓe mini alkyabbar ta rataya a bakin ɗaki inda za a hango ta daga zaure, ta kwaɓa farin gari da toka ta shafe ni tun daga goshi har tafin ƙafa. Na haura danga na kwanta kusa da Jatau, ta lulluɓe mu da zane ɗaya. Na ciro wata saiwa da masu kama macizai suka koya mini, wadda ke kashe fatar mutum na ɗan lokaci, na tauna.

Muka shiga jerin masu fitar da 'yan uwansu. Kafin mu kai ƙofar birni har an gano na gudu, domin na ji ana cewa a duba kowane amalanke. Wani dogari na bi da ƙayar aduwa yana tsikarar na kwance.

Ya yaye zanen ya ce, "Iya, wannan Jatau ne, na san shi. Wannan fa?"

Tabawa ta ce, "Ƙanensa ne. Tun kana goye aka kwantar da shi, ina za ka san shi?"

Ya soka mini ƙayar a tafin ƙafa. Na ga hannunsa ya motsa, amma ban ji komai ba. Ya sake sokawa a cinya. Ƙuda ya sauka a gefen idona yana yawo, na kafe ido a sama ina karanta duk addu'ar da na sani a zuci. Can ya mayar da zanen ya ce, "Allah ya ba su lafiya. Wuce."

Sai da mai fiton nan ya ƙetare tafki da mu har da amalanken, muka isa rugar makiyaya jikina ya dawo, raɗaɗin ƙayar ya taso mini gaba ɗaya. Na wanke tokar, na zauna ina hangen Farin Gari a can nesa, katangar nan ta tsaya rabi. Har yau ban san ko Magajiya ta bar kogon a toshe bayan ta ci zaɓe ba, ban kuma san ko fartanyar nan kabarina za ta haƙa ko wani aiki aka ɗauko ta yi ba. Ban koma na tambaya ba.

Da zan kama hanya Tabawa ta ƙullo mini garin guzuri a tsumma, ta ce ta samo shi wurin matan ruga. Na karɓa na yi godiya. Ta juya tana ɗiga wa mijinta nono a baki, ni kuma na ɗan kauce bayan amalanken, na ɗebi garin kaɗan a tafin hannu, na ɗiga masa nono ina jira. Bai yi kumfa ba. Ina ɗago kai muka haɗa ido da ita.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba wai..."

Ta fashe da dariya har tana share hawaye. Ta ce, "Haƙurin me? Da ka ci ba ka gwada ba, da na ce zuwanka garinmu banza ne."

Muna cikin haka muka ji wani sauti daga amalanken, kamar tari kamar shaƙuwa. Muka ruga. Jatau ne. Haɓarsa ta motsa, gefen bakinsa ya ɗaga kaɗan, ƙirjinsa na girgiza. Dariya yake yi. Tabawa ta zube a gefensa ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana kiran sunansa, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Na ɗauki sandata na bar su, domin wannan ba wurin baƙo ba ne.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Farin Gari. In na ƙara Allah ya yafe mini, in na rage shi ya fi kowa sanin sauran.